Motar ce ta yi nauyi ko ƙafata ce ta mutu?

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya ishe ni, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a dace. Shekara takwas ina tuƙa Honda EOD ƙirar 2004 mai silinda huɗu. Duk wanda ya riƙe motar nan ya san halinta, da babban yatsan ƙafa kaɗai za ka taɓa totur ta zabura. Watan jiya na sayar da ita, na cika kuɗi na ɗauko Honda Accord ƙirar 2013 a Abuja, 'yar Kwatano, ko lamba ba a taɓa yi mata ba. Ranar da na gwada ta a titin Kubwa ban ga aibunta ba. Amma tun da na shigo da ita Jos, wallahi kamar an loda mata buhun dankali goma a but. In aka ba mu hannu a mahaɗar British-America sai in taka, ta yi shiru kamar mai shawara da zuciyarta, sannan ta fara tafiya. Shekaranjiya ɗan Keke ya wuce ni yana waigena. Na kai ta gareji, an canza fulogi, an wanke nozul, har famfon mai aka sa min sabo. Kuɗi sun tafi, mota tana nan yadda take. Yanzu bakaniken ya ce wai giya ce. Kafin in sake zuba kuɗi, don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Abba Benz:
Oga an sayar maka da gajiyayya kawai. Ka haƙura ka dawo Jamus.

Maman Iman:
Kai Abba, mutum na cikin damuwa kana tallar Benz. Allah ya kawo mafita Baban Walid.

Sani Rewaya:
Wa alaikumus salam. Yallabai kada ka bari a taɓa giyar nan tukuna. Tambaya ɗaya: ka leƙa gefen hagun sitiyari, ƙasa kaɗan, akwai wani koren maɓalli mai hoton ganye, an rubuta ECON. In ka tayar da mota, kana ganin ɗan koren ganyen nan a allon mita?

Baban Walid:
Ina ganinsa kullum. Ni na ɗauka alamar lafiyar inji ce, tunda kore ne.

Sani Rewaya:
To ai ga ɓarawon nan. Fita yanzu ka danna shi ganyen ya ɓace, ka zaga ka dawo ka ba mu labari.

Alhaji Garba:
Ikon Allah. Mu da muka tuƙa 504 ta Kaduna ba mu san wani ganye ba sai na shayi.

Baban Walid:
Jama'a na dawo. Daga Dadin Kowa na je shataletalen Mararraban Jama'a na juyo. Subhanallahi. Kamar an sauke buhunan nan. Na yi wani gwaji ma: ina tafiya a 60, ban motsa ƙafata ba ko kaɗan, na danna maɓallin ganye ya fito, sai na ji motar ta lafa kamar an ja rigarta ta baya. Na sake dannawa ya ɓace, ta ɗan yunƙura gaba da kanta, ƙafata tana wuri ɗaya. Oga Sani Allah ya saka da alheri. Amma har yanzu ba ta kai zafin EOD ɗina wajen tashi ba, gaskiya. Kuma ina son in gane, maɓalli ɗaya ya rage wa inji ƙarfi haka?

Sani Rewaya:
Bai rage wa inji ƙarfi ba, Yallabai. Bari in yi bayanin yadda nake yi wa yarana a shago.

EOD ɗinka mai silinda huɗu, waya ce ta ƙarfe ta taso daga feda ta ratsa har bakin inji, irin wayar birkin keke. A bakin injin akwai wani faifai kamar murfin gwangwani a cikin bututu, shi ne ƙofar iska. Ka taka rabi, waya ta ja, ƙofa ta buɗe daidai yadda ka ja. Babu ɗan aike tsakaninka da inji.

Wannan ta 2013 babu wayar nan sam. Buɗe bonet ka duba, ba za ka gan ta ba. Fedar da kake takawa sensa ce kawai a jikinta, tana aika saƙo zuwa burenbos, wato kwamfutar motar, cewa mai gida ya taka kaza. Burenbos ɗin ne zai duba gudun da kake, da giyar da kake ciki, da zafin inji, da ko esi mai sanyaya ɗakin mota na kunne, sannan ya umarci wata 'yar ƙaramar na'ura ta lantarki ta buɗe ƙofar iskar gwargwadon yadda ya ga dama. Wato kai roƙo kake yi, shi ke yanke hukunci.

To ECON ba komai ba ne illa canza yadda ɗan aiken nan ke fassara maganarka. A misali, ka taka kashi talatin, in ganye na kunne sai ya kai saƙon kamar ashirin ka ce, kuma ya buɗe ƙofar a hankali. Ya sa giya ta yi saurin hawa sama don juyin inji ya zauna ƙasa, ya kuma rage wa esi aiki. In ka kashe shi, talatin ɗinka talatin ce. A motocin da ke da Sport, talatin ɗin sai a kai ta kamar ka ce hamsin. Amma in ka take fedar har ƙasa, duk ɗaya ne, ƙofar za ta buɗe gaba ɗaya ko da ganye ko babu. Dokin da ke cikin injin bai ƙaru ba bai ragu ba, linzamin ne aka canza.

Abba Benz:
A nan ne ban yarda ba Oga Sani. C300 ɗina in na mayar da ita S (Sport) daga C (Comfort) wata mota ce daban. Ƙarfi yana ƙaruwa, jikina ya shaida. Kujera ce ke manne min a baya.

Sani Rewaya:
Abba, Benz ɗinka in tana C da giya ta biyu take tashi daga tsaye, in ka sa S ta tashi da ta ɗaya. Ka taɓa tayar da mota manuwal da giya biyu? Haka za ka ji ta yi sanyi. Wannan shi ne rabin abin da bayanka ke ji. Ɗaya rabin kuma, S tana riƙe giya ta daɗe kafin ta canza, saboda haka allurar juyi tana sama, inda injin ke da kuzari. In kana son ka gane gaskiya, nemi fili mai lafiya, ka take har ƙasa a C, ka sake a S, wani ya riƙe maka agogo. Bambancin da za ka gani ɗan kaɗan ne, ba kamar yadda jikinka ke faɗa maka ba.

Abba Benz:
To ƙarar fa? Har muryarta canzawa take.

Injiniya Kabiru:
Inji a juyi dubu huɗu dole ya fi na dubu biyu ƙara, Abba. Kuma kada ka yarda da kunne a motocin zamani. Akwai BMW da Volkswagen da ake ƙara musu ƙarar inji ta cikin ɗakin mota da gangan, wasu ta lasifika, don direba ya ji daɗi. In ka sa Sport sai a ƙaro sautin. Ban ce taka na yi ba.

Amma ni abin da ya ja hankalina a maganar Baban Walid shi ne ya ce a Abuja bai ga aibunta ba, sai da ya hau Jos. Na tabbata ganyen nan yana kunne tun a Abuja, domin Honda ba ta mantawa, yadda ka bar shi haka za ka same shi in ka sake tayarwa. To me ya sa sai a Jos abin ya dame shi? Tudu ne. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Abuja ba ta wuce wajen mita 500 ba. Duk yadda ka hau sama iska na ƙara sirancewa, kuma inji iska yake ci kafin mai. Lissafin da aka saba yi shi ne injin da ba shi da tabo (turbo, na'urar da ke tura iska cikin inji) yana asarar kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Accord ɗin nan mai lita 2.4 an rubuta mata doki 185, amma wannan a bakin teku ne. A Legas za ta ba ka su. Kafin ta iso Terminus ta zubar da doki ashirin da wani abu a hanya. Tsakanin Abuja da Jos kaɗai akwai fiye da goma. Ka haɗa wannan da ECON, da esi, da yara huɗu a baya, dole ɗan Keke ya waige ka.

Malam Nuhu:
Injiniya, amma ai Jos sanyi gare ta, kuma mun karanta cewa iska mai sanyi ta fi nauyi. Ba za ta rama ba?

Injiniya Kabiru:
Tana ramawa kaɗan Malam, shi ya sa da asuba lokacin hunturu mota ta fi jin daɗin tafiya. Amma abin da sanyi ke mayarwa bai kai abin da tudu ya ƙwace ba. Masu tabo ne abin bai cika damu ba, domin tabo tura iska yake da ƙarfi cikin inji, in ta yi ƙaranci sai ya ƙara juyi ya cike giɓin. Su kuma nasu ciwon daban: ka taka, sai ka ɗan jira hayaƙin salansa ya juya tabon kafin ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Wanda ya tuƙa Hilux mai dizal ya san wannan ɗan jiran.

Baban Walid:
To ai EOD ɗin ma a Jos take zaune shekara takwas, Injiniya. Ita tudun bai kama ta ba?

Injiniya Kabiru:
Ya kama ta, kai ne ba ka taɓa saninta a wani hali ba. Sannan akwai bambancin giya. EOD giya biyar gare ta masu hawa-hawa, kana jin lokacin da ta kama. Ta 2013 mai silinda huɗu CVT ce, bel ne na ƙarfe tsakanin fulai biyu, wato gargare masu buɗewa da tsukewa, babu giya ɗaya biyu uku. In ka taka sai ka ji inji ya yi sama da ƙara, gudun kuma ya biyo baya a hankali, kamar kulocin da ya cinye. Mutanenmu da yawa sun ɗauka lalacewa ce. Haka aka yi ta. Ina zargin abin da bakanikenka ya ji ke nan ya ce giya ce.

Sani Rewaya:
Kuma don Allah Yallabai, tunda maganar ta zo, kada ka bari kowa ya zuba mata jan man giya na gama-gari. Nata daban ne, HCF-2 ake ce masa. Na ga giyar irin motar nan fiye da ɗaya da aka kashe da man da ba nata ba, mai ita yana murna an yi masa sabis da araha.

Maman Iman:
Ni tambayata ta mata ce, ku yi haƙuri. Corolla ta tana nuna ECO kore wani lokaci, in na taka sosai ya ɓace, in na sassauta ya dawo. Na duba ko'ina ban ga maɓallinsa ba. Ya zan kashe shi? Hawan nan na hanyar Rayfield in na ɗauko yara daga makaranta yana ba ni wuya.

Sani Rewaya:
Hajiya naki ba irin nasa ba ne. Wannan fitila ce kawai, tana yaba miki ne in kina taka a hankali. Ba ta canza komai a motar. In hawa ya ba ki wuya ki ƙara takawa, ba abin da zai same ta. In kuma nauyin sabo ne, da ba ta yi, a duba matatar iska tukuna. Ƙurar hunturun nan tana toshe ta cikin 'yan makonni.

Maman Iman:
Kai, shekara biyu ina jin tsoron ɓatar da koren nan kamar ɗan makaranta da jan biro. Na gode.

Malam Nuhu:
Ni fa ina bayan ECON, kuma ba zan ɓoye ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na daina tuƙin burgewa. Civic ɗina ganyen nan bai taɓa mutuwa ba. Baban Walid ka yi tunani kafin ka saba da kashe shi, daɗin tashi a mahaɗa ba zai biya maka kuɗin gidan mai ba.

Ɗanjuma Sharon:
Malam ka yi haƙuri, wannan maganar 'yan ofis ce. Mota in ba ta amsa maka ba ƙara takawa za ka yi. Wanda aka danne masa totur zai nutsa ƙafarsa har ƙasa don haushi, man da aka ce ya tsira ya tafi. Ni shekarata goma sha huɗu a hanyar Jos zuwa Abuja, ƙafa ce ke shan mai ba maɓalli ba.

Malam Nuhu:
Ai maganarka ta goyi bayana Ɗanjuma. Maɓallin an yi shi ne don ya gyara ƙafar da ba ta da tarbiyya.

Sani Rewaya:
Ku biyun kowa na da rabon gaskiya. A cikin gari, wajen cunkoson Terminus ko Farin Gada inda tafiyar taka-tsaya ce, ECON na da amfani, mota ba ta fizga, ba ka yawan taka birki, kuma esi ba ya jan inji sosai. A Jos ma da ba mu da zafi ba za ka ji ragin esin ba. Kai ka gwada shi a Nyanya cikin watan Maris ka ji yadda fasinja za su yi da kai. A doguwar hanya kuwa, in ka daidaita gudu wuri ɗaya, ƙarfin da motar ke buƙata don ta riƙe 100 ɗaya ne ko da ganye ko babu, don haka ribar ba ta da yawa. Inda na ƙi shi ƙwarai shi ne wajen wuce babbar mota. Tsakanin Akwanga da Forest hanya ɗaya ce, ka fito za ka wuce tirela, wata na tahowa, wannan ɗan jinkirin na rabin daƙiƙa ba abin wasa ba ne. In za ka wuce, kashe shi, ko ka ja giya zuwa S tun kafin ka fito, ko kuma ka take har ƙasa ba tare da tausayi ba.

Malam Nuhu:
Wannan na karɓa. Amma ina ƙalubalantar Baban Walid ya auna. Ya cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ya mayar da mitar tafiya sifili, ya yi sati da ganye. Ya koma famfo ɗaya ya sake cikawa ya rubuta lita. Sati na biyu babu ganye. Sai ya raba kilomita da lita. Ba ji-ta-ji-ta ba.

Alhaji Garba:
Ku dai kuna wahala. A zamaninmu mota tana da kaburota, in ta yi nauyi a Jos bakanike ya ɗauki sukundireba ya juya ɗan dunƙule ɗaya, shi ke nan. Ka taka ta ji, ka saki ta ji. Yanzu kun sa kwamfuta tsakaninku da abin hawanku kuna neman izini. In kwamfutar ta haukace fa ta buɗe totur da kanta?

Injiniya Kabiru:
Ranka ya daɗe, juya dunƙulen nan da kake faɗa ai saboda tudun ne, iska ta ragu mai ya yi yawa, sai an rage shi da hannu. Yanzu sensa ke auna iskar tana daidaita man da kanta ko kana Lakwaja ko kana Pankshin. Batun haukacewa kuma, an yi tunaninsa. Fedar nan sensa biyu ne a cikinta, kowace na aika nata saƙon. In suka saɓa wa juna burenbos ba ya yarda da ko ɗaya, sai ya kunna fitilar cek, ya hana motar gudu, ka lallaɓa da ita zuwa gareji. Kuma abin ba sabo ba ne, BMW ta fara sa shi a manyan motocinta tun ƙarshen shekarun 1980. Camry ɗin da muke kira Big Daddy ma da shi ta zo.

Abin da ya faru da gaske shi ne na Toyota a Amurka a 2009 da 2010, da suka janye miliyoyin motoci saboda ƙorafin mota na gudu da kanta. Da aka bincika, har da injiniyoyin NASA, ba a samu laifin lantarki ba. Tabarmar ƙasa ce ke danne feda, sai wasu fedojin da ke maƙalewa. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a nan gida, domin mu sai mu shimfiɗa kafet, mu ɗora roba a kai, wani ma ya ƙara da darduma.

Sani Rewaya:
Wallahi Injiniya ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wani Alhaji ya kawo min jif daga Bukuru, wai ba ta wuce 80, an ce masa burenbos ne, har ya sa a nemo masa a Apo. Na sa ta a kwamfuta na ce ya take har ƙasa, na ga fedar ba ta kai ko kusa da ƙarshe ba. Na durƙusa na leƙa. Tabarmar roba ce mai kauri ta naɗe ta shige ƙarƙashin feda, ga murfin gorar ruwa a maƙale a ciki. Na zaro su na miƙa masa. Ya daɗe yana kallon murfin nan bai ce komai ba.

Abba Benz:
Hahaha. Nawa ka caje shi?

Sani Rewaya:
Kuɗin kwamfuta kawai. Amma ya ba yara na shayi.

Abba Benz:
To Oga Sani, wannan 'yar na'urar da ake tallata a Instagram fa, wadda ake jona wa a feda, wai tana ƙara doki? Ina son in sa wa ƙanena a Corolla.

Sani Rewaya:
Ƙarya take yi wa burenbos, shi ke nan aikinta. Tana zama tsakanin feda da waya, ka taka ashirin ta ce arba'in ka taka. Mota za ta yi zafin tashi, gaskiya ne, amma duk abin da ta ba ka ƙafarka na iya ba ka kyauta in ka ƙara nutsa ta. Illarta kuma, rabin feda na sama ya zama duka, rabin ƙasa ya zama banza, sai lallaɓawa ta yi wuya. Ka ba yaro sabon hannu irin wannan ya shiga layin 'Yan Taya ko cikin Katako da ita, za ka biya kuɗin bambar mutane. Masu arahar kuma su ne ke rikita sensa biyun da Injiniya ya faɗa, fitilar cek ta kama.

In Corollar ta yi nauyi ne, a kwance bututun iska a duba ƙofar. Za ka ga baƙin danƙo ya zagaye bakin faifan kamar gindin tukunya. A fesa mai wankewa a tsumma a goge, ba a cikin soket ba, kuma kada yaro ya riƙa banƙara faifan da ƙarfi, akwai ƙananan haƙora na roba a ciki. Bayan an wanke wani lokaci silo, wato juyin inji in mota na tsaye, zai hau sama, domin burenbos ya saba da dattin, sai an sake koya masa. Mutane su ga haka su ce an ɓata musu mota.

Ɗanjuma Sharon:
Duk wannan na ji. Ni dabarar tsimin mai ɗaya na sani kuma ba ta da maɓalli: in na kama gangara in cire giya in sa firi. Daga saman Hawan Kibo har ƙasa ba na ƙona ko cokali.

Injiniya Kabiru:
Innalillahi. Ɗanjuma da fasinja a ciki?

Ɗanjuma Sharon:
Shekara goma sha huɗu, Injiniya. Ko ƙwarzane.

Injiniya Kabiru:
Allah ya ci gaba da tsarewa, amma ka saurare ni don girman Allah. Na farko, ba ka tsimin komai. Motar da ke da nozul, in tana cikin giya tana gangara ka ɗauke ƙafa daga totur, burenbos yanke mai yake gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. In ka sa firi kuwa dole a ba inji mai don ya riƙe silo kada ya mutu. Wato a firi ne kake ƙona cokalin, a giya ba ka ƙona komai. Na biyu, a firi duk nauyin motarka Sharon da mutum bakwai da kayansu yana kan birki shi kaɗai. Birki in ya yi zafi sosai sai ya daina kamawa, man birkin ma yana iya tafasa feda ta tafi ƙasa fanko. Hawan Kibo ba sai an ba ka labarin abin da ya ci ba, kai ka fi mu ganin tirelolin da ke kwance a gefe.

Wannan ma shi ne amfanin S ko L ko 2 da mutane ba su sani ba, sun ɗauka na tsere ne. Baban Walid, ranar da za ka sauka Abuja, kafin ka fara gangarar ka ja giyarka zuwa S. Za ka ji inji ya ɗaga murya yana riƙe motar. Ba ciwo yake ji ba, aikinsa yake.

Ɗanjuma Sharon:
Maganar yanke mai ban taɓa ji ba. Oga Sani haka ne?

Sani Rewaya:
Haka ne. Ka zo shago ranar da ba ka da lodi, in jona kwamfuta mu sauka gangaren Gada Biyu tare, ka riƙe ta a hannunka. Za ka ga lambar nozul ta koma sifili da ka ɗaga ƙafa, ka sa firi ka ga ta dawo.

Ɗanjuma Sharon:
Sai na gani da idona.

Maman Iman:
Don Allah ka je ka gani ɗin, ƙannenmu ne ke hawa motocin nan.

Alhaji Garba:
Yanzu ni jif ɗin da yaro ya saya min, Lexus, akwai wani maɓalli an rubuta SNOW. Na ce masa mu da ƙanƙara sai wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ta fasa mana gilashi.

Sani Rewaya:
Baba yana da amfani ko a nan. Tashi yake sa ta yi a hankali da giya ta sama, don taya kada ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. In damina ta yi nisa ka shiga jan laka irin na hanyar gona wajen Vom ko Bokkos, danna shi. In ka fito kwalta ka kashe, in ba haka ba kai ma za ka zo nan ka ce an loda maka dankali.

Baban Walid:
Salam jama'a, na dawo da sakamakon aikin da Malam Nuhu ya ba ni. Na yi sati biyun, famfo ɗaya, hanya ɗaya, gida zuwa Sakateriya zuwa makarantar yara. Satin ganye ya ɗan fi, amma ratar ba ta kai yadda na zata ba, kuma a satin da babu ganye na je Bukuru sau biyu cikin cunkoso, don haka ban san wa zan ba gaskiya ba. Abin da na lura da shi, da na san cewa ƙarfin yana nan ƙasan feda, ko da ganyen a kunne ba na jin haushinta kamar da, in ina so sai in nutsa ƙafa ta tafi. Uwargida kuma ta ce a bar mata ganyenta, wai motar ta fi hankali, ba ta zubar mata da miya in za ta kai abinci. Yanzu da safe ni ke kashewa, da yamma ita ke kunnawa.

Na koma wajen bakaniken na nuna masa maɓallin. Ya ce ai dama ya sani, gwada ni yake.

Malam Nuhu:
Ka sake awon, satin Bukuru bai ƙirgu ba.

Ɗanjuma Sharon:
Oga Sani, Talata ba ni da lodi. Ƙarfe nawa kake buɗewa?